Ƙafar Numa Doucet

Duk wanda ya ce Numa Doucet bai iya kiɗa ba, to a faifan garmaho ya ji shi, kuma ina da magana da shi. Mijin yayata Eulalie ne. Shekara talatin ina busa begila a gabansa a nan New Orleans, don haka gani na yi, ba ji ba.

Birkila ne da rana. A faretin rakiyar gawa ya fara kiɗa, lokacin da mutum biyu ke ɗaukar ganguna, wannan babba, wancan ƙarama. Da aka koma gidajen rawa dandamali ya yi kaɗan, aka ce mutum ɗaya ya ji da duka. Numa ya sassaƙa mataki na katako ya ɗaura masa sanda mai kan auduga, ƙafa ta karɓi babbar ganga, hannuwa suka samu sarari. Sauran kayan duk tsince-tsince ne: 'yar jar ganga daga shagon wani Basine, ƙararrawar saniya, faifan tagulla, da guntun katako mai rami. Eulalie takan ce, "Ni dai an cuce ni. Makaɗi aka ce mini, ashe ɗan gwangwan na aura." Amma in ƙafar nan ta taka, a ƙirjinka za ka ji ta, ita kanta Eulalie sai ta bar wake a wuta ta fito.

A 1925 sanyin ƙashi ya kama masa gwiwar dama. Ya san kwanan ƙafar ya kusa ƙarewa. Ana haka sai wasu Turawan kamfanin faifai suka zo daga arewacin ƙasar, suka kafa injinsu na ɗaukar sauti a wani sito, suka kira ƙungiyarmu. Numa ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. A hanya ya ce mini, "Zeno, ko gobe ta mutu, yau dai za ta bar shaida."

Mai injin, wanda a shekaru bai kai ɗan cikin Numa ba, ya tare mu a ƙofa. "Kai tsoho, ina za ka da wannan randar?"

"Gangata ce, yallaɓai."

"Waje da ita. Bugu ɗaya za ta sa allurata tsalle, ta ɓata mini kakin da ake yin faifan da shi."

"Zan taka a hankali, yallaɓai."

"Na ce waje. Katakon nan ya ishe ka. Koma can baya, jikin bango."

Raina ya ɓaci, na fara mayar da begilata cikin jaka. Numa ya riƙo gefen rigata ya ce, "Tsaya, sarkin zuciya. Da babu gara ba daɗi." Haka ya yi waƙa biyu yana ƙwanƙwasa katako kamar mai neman a buɗe masa ƙofa, gangar tana waje rana na dukanta. Har yau ban yafe wa kaina busar da na yi a wurin ba.

Bayan shekara goma sha bakwai wani malamin jami'a ya zo gidan Numa, yana tattara tarihin kiɗanmu. Mutum ne mai ladabi, har hula ya cire. Ya ɗora faifan ya saurara, sannan ya ce, "Abin da na fahimta, Malam Doucet, a zamaninku katako kuke bugawa. Samarin Chicago ne suka koya wa ƙafa aiki."

Eulalie ta yi tsalle ta dire. "Samarin wa? Waɗanda suke zuwa su tsuguna a gindin ƙafar mijina suna satar fasaha? Malam, karatun naka bai yi rana ba!"

"Ni faifai nake bi, Uwargida. Shi ne shaida. Amma in zai nuna mini, zan gyara."

Muka jawo gangar daga bayan gado, muka kakkaɓe ta. Numa ya sa hannu biyu ya ɗaga gwiwarsa, ya ɗora tafin ƙafar a kan matakin. Ya cije leɓe, gumi ya karyo masa. Sandar ta ɗan motsa, ta koma, ko fatar ba ta taɓa ba.

Malamin ya jira shi har sau uku. Sannan ya yi godiya, ya rufe littafinsa bai goge komai ba.