Alhaji Ɗantani Ya Je Cinikin Jami'a

Duk wanda ya taɓa zuwa Shiling ta ƙasar China sarin jaka ya san Alhaji Ɗantani. In bai san fuskarsa ba, ya san ƙeyarsa, don ita 'yan China suka fi gani. Ya daɗe a Guangzhou yana lodin jakunkunan mata zuwa Kano, kuma ilminsa na duniya guda ɗaya ne tak: ka taya, a ƙi, ka juya ka kama hanya a hankali. Kafin ka kai bakin ƙofa mai shago zai biyo ka yana "Lawban! Lawban!", wato maigida. Da wannan takun ya gina gida, da shi kuma yake auna kowa, daga mai tasi har likitan haƙori.

'Yarsa Na'ima a nan ta girma, Sinanci a bakinta kamar ruwa. Da ta gama sakandare zamanta ya rataya a kan abu ɗaya: in jami'a ta ɗauke ta, ta ci gaba da zama, in ba ta samu ba, takardar zamanta ta ƙare, sai Kano, garin da hutu kawai ke kai ta. Yarinya mai hankali, ta nemi wuri biyu. Babbar jami'a, inda ake rububin karatun likita, da wata ƙarama a bayan gari da ta ajiye don ko-ta-kwana.

Ƙaramar ce ta fara amsawa. Sun ba ta gurbin haɗa magunguna, in tana so ta je ta tabbatar.

"Haɗa magani?" in ji Alhaji. "'Yata ce za ta zauna a kemis tana ƙirga ƙwaya? Wannan farashin farko ne. Likitancin yana can ciki sun ɓoye."

Matarsa Hajiya Barira ta ce, "Alhaji, ka bar yarinyar nan ta karɓa. In babbar ta fito sai ta saki wannan."

"Ke da ko a kasuwar kifi ake cutar ki? Wanda ya karɓi tayin farko ai ya nuna yunwarsa."

Ya saka babbar riga, ya fesa turare, ya raka Na'ima ofishin ɗaukar ɗalibai. Wata mata ce mai tabarau a bayan tebur. Ya sa 'yar ta zama tafinta.

"Faɗa mata likita muke so."

Na'ima ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Matar ta girgiza kai. "Meyo." Wannan kam Alhaji ya sani, babu ke nan. Ya yi murmushin wanda ya sha jin haka a bakin masu sayar da fata.

"To faɗa mata mun fasa."

"Abba, in na faɗa cire sunana za ta yi."

"Ta cire mana. Da hannunta za ta mayar."

Na'ima ta ƙi fassarawa. Sai ya miƙe, ya kaɗe riga, ya zaro ɗaya daga cikin 'yan kalmominsa na kasuwa. "Bu yau!" Ba ma so. Matar ta dubi Na'ima ta tambaye ta ko haka ne. Na'ima ta dubi mahaifinta, shi kuma ya zare mata ido. Ta gyaɗa kai.

Ai da kun ga tafiyar. Mutum da girmansa yana jan ƙafa a barandar makaranta kamar mai ciwon baya. Ya tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ya tsaya kallon itacen mangwaro. A bakin get ya ciro waya yana dannawa, kunnensa yana baya. Ba wanda ya biyo shi, sai mai gadi da ya roƙe shi ya matsa mota ta wuce.

"Suna da taurin kai," ya ce. "Gobe za su kira."

Ba su kira ba. Babbar jami'a ce ta aiko da amsa, ita ma meyo. Alhaji ya zaɓi jaka mai kyau daga samfur, ya koma wurin mai tabarau yana gaisuwar "Ni haw, ni haw" da haƙora waje. Ba ta ko taɓa jakar ba. Gurbin, in ji ta, tun ranar aka ba na bayan Na'ima a layi.

Ya dawo gida da jakarsa. Hajiya Barira ta karɓa ta jujjuya ta. "Sannu da ciniki, lawban. Ko ita ma an ce meyo?"

Har yau in ka same shi a gidan abinci bayan Juma'a, haka zai gaya maka: shi ya ƙi sallamawa. Masu sauraro su ce "Haka ne, Alhaji," su ci gaba da cin tuwonsu.

Ranar da Na'ima za ta tafi wurin gwaggonta a Kano, ya raka ta filin jirgi yana ta bayanin yadda baɗi zai shiga maganar da kansa tun daga farko. Ta durƙusa ta yi masa sallama, ta rungume uwarta, ta ja akwati. Sai ya tuna bai gama ba.

"Na'ima! Ke Na'ima!"

Ba jan ƙafa take yi ba. Ta miƙa fasfo, ta shige.