Kofin da na fasa a bakin kwari

Ƙamshin na'a-na'a a cikin shayi, haɗe da na jiƙaƙƙen dutse, shi nake fara tunawa. An kwana biyu ana ruwa a Madina, kwari ya kawo, kuma idan haka ta faru mutanen gari sukan kwashi tabarma da buta su fita kallo. Shekarata goma sha shida.

Baba direba ne a wajen gina madatsar ruwa, can bayan iyakar Harami. Wani tsohon injiniya yake tuƙawa, kowa muhandis yake ce masa. Ba Musulmi ba ne, don haka bai taɓa shiga gari ba. Gidanmu na unguwar Harra ta Yamma a bakin Baba kawai ya san shi. Baba ya ce daga Lituwaniya yake, yaƙi ya fitar da shi tun yana saurayi. Na duba taswirar makarantarmu, ban ga ƙasar ba.

Ranar mu ma muka fita kallo, ni da Baba da Umma, muka tarar da shi tsugune a bakin ruwa, wando a naɗe. Ya jefa kara, ya dubi agogo, ya rubuta. Baba ya ce duk rayuwarsa abin da yake nazari ke nan, yadda ruwa ke cin ƙasa a gindin gini. Sai Baba ya ɗaga murya ya kira shi.

"Zuba wa baƙo, 'yata."

"A wane kofi?" na ce a hankali. Uku muka kawo, nasa da na Umma da nawa.

"Naki mana. Ko na zinariya ne?"

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya ce da gurgun Larabci akwai irin wannan ganye a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Ya shanye, ya yi godiya, ya koma bakin aikinsa.

Ni kuwa na taɓa jin wata maƙwabciya tana cewa abin da bakin wanda ba Musulmi ba ya taɓa, ba a mayar da shi gida. Ban tambayi kowa ba. Na zagaya bayan dutse na buga kofin. Ban zaci zai yi ƙara haka ba. Da na ɗago, muhandis yana kallona. Ya dubi ɓaraguzan, ya dube ni, ya mayar da idonsa kan agogo.

A mota Baba bai yi tsawa ba.

"A makarantar taku aka koya miki wannan? Shekara uku yana tare mana ruwa kada ya ci gidajen da ko ganinsu bai yi ba."

"Alhaji, yarinya ce," in ji Umma.

"Yarinyar da ke cika littafi da waƙoƙin tausayi?"

Ban sake zuwa kwarin ba. Bayan mako biyu Baba ya shigo da kofuna shida masu ruwan zinariya a baki, ya ajiye bai ce komai ba. Na ɗauka ya yafe ne. Na zaɓi ɗaya ya zama nawa. Aka gama madatsar, muhandis ya tafi, ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Bayan shekara goma sha biyu, Baba yana kwance ba lafiya, na kai masa shayi a ɗaya daga cikin kofunan nan. Ya juya kofin a hannunsa, ya ce ba shi ya saye su ba. Muhandis ne ya ba shi a ƙunshe cikin jarida, ya ce a kai wa yarinyar, tunda saboda shi ta rasa nata, amma kada a gaya mata daga inda suka fito.