Ruwan Sama a Lagireton Gwaggo Verna

Da na dawo Dakota daga karatun injiniya a Jamus, na tarar Gwaggo Verna tana wanke lagireto, wato tankin ruwan sanyaya injin tsohuwar motarta. Motar na zafi, ga shi da ita ake kai mijin Gwaggo wankin ƙoda, tafiyar mil saba'in.

Na jawo tiyon rijiya, ta buge min hannu.

"Kai, Injiniya! Ruwan nan da ke toshe butar shayi za ka ɗura mata?"

Ashe shekara arba'in ruwan sama take tarawa a duro don wannan aikin. Sau huɗu tana ɗurawa tana zubarwa, har tsatsa ta ƙare. Tafin hannu kawai ta ɗora kan injin, ta ce ya yi.

Ran Litinin ni na tuƙa su asibiti. Ko sau ɗaya allurar zafin injin ba ta ɗaga ba.