Ban Shigar da Ita Ba, Yaya Bashari

Ranar Alhamis, 3 ga Jimada Sani 1438, daidai da 2 ga Maris 2017, gab da sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Bashari Garba Kunci a wani asibiti a nan Riyadh, bayan jinyar wata uku. Na Allah muke dukanmu, kuma gare shi za mu koma. Washegari Juma'a muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a ƙasar da ya yi shekara goma sha tara yana aikin gwajin jini a cikinta. Ya bar matarsa Hajiya Zaituna da 'yarsu ɗaya, Sauda.

Yaya Bashari, yau kwana ashirin ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Akwai maganar da na kawo maka asibiti ban same ka a halin ji ba, ita ce ta hana ni rubutu. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma tun ranar da na sauka garin nan, ban san gabas ba ban san yamma ba, kai ka riƙe ni. Kai ka yi ta yawo da ni har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Wata biyu ina kwana a falonka a Ulaisha, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yaushe zan tashi ba. Ba ni kaɗai ba ne. Direbobi da magina nawa suka ci tuwon Juma'a a gidanka, Allah kaɗai ya san adadinsu. Wanda aka ba shi takardar asibiti bai gane ba, wajenka yake kawowa, ka sa tabarau ka yi masa bayani dalla-dalla, sannan ka yi masa faɗa a kan shan zaƙi.

Tsakar gidanka bai fi tabarma uku ba, amma ka mai da shi lambu. Zogale a lungu, yakuwa a tsofaffin bokitan fenti, ɗoɗɗoya a bakin famfo. Duk gidan Bahaushen da aka yi haihuwa daga Ulaisha har Dira, sai ƙullin zogalenka ya isa. Amma duk cikinsu ba abin da ka ɗauka da zafi kamar bukhara.

Waɗanda ke gida ba lallai su san ta ba. Wani ɗan itace ne ja mai duhu, ƙwallo ɗaya a ciki, da zaƙi da ɗan tsami, haka mutanen nan suke kiransa. A kasuwar Aziziya ka fara cin sa, ka ce ai wannan ɗinyar Larabawa ce, ta tuna maka da ɗinyar bayan gidanku. Da kuka je umara kuka biyo ta Ɗa'if, ka sayo ɗan dashenta, irin gajeren nan da ba ya wuce tsawon mutum, ka dasa a rabin durom. Ka ce ba za ka bar ƙasar nan ba sai ka ci 'ya'yanta, ka kai ƙwallonta garinku Kunci.

Ka kula da ita yadda ka san ana kula da abin da ake so. Mu kuwa a wajenmu ba abin tsoro kamar sanyi. Jariri a lulluɓe shi, tsoho a hura masa wuta, ɗan akuya ma a shigar da shi ɗaki. Saboda haka kowace shekara, Disamba na kamawa, sai ka kira ni. Mu kama durom ɗin nan mu biyu, muna nishi, mu kai shi falo kusa da daffaya, na'urar ɗumama ɗaki, har ka yafa mata tsohon bargo. Ina mita ina cewa bayana zai karye a kan itacen da ko fure bai taɓa yi ba, Hajiya tana cewa an mai da mata falo gona, kai kana dariya kana cewa mu yi haƙuri, yarinya ce, baɗi za ta ba mu mamaki. Shekara shida muna wannan. Ganye kawai take yi, shi ma a makare.

Bana kana kwance Disamba ta shigo. Ciwon ya ci ƙarfinka, magana ma da ƙyar, amma da na zo duba ka, ka kama hannuna ka ce, “Najib, sanyi ya fara. Ka shigar mini da 'yar nan?”

Na ce na shigar.

Wallahi ban shigar ba, Yaya. Niyyata in je washegari. Sai aka tura mu aiki bayan gari, Hajiya kullum tana asibiti, durom kuma ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Yau gobe, yau gobe, har aka yi sanyin farkon Fabrairu, wanda ruwan famfo ma ba ya taɓuwa. Da na leƙa gidan na tarar da ita tsirara, ba ganye ko ɗaya, kamar tsinken tsintsiya. Na ce shi ke nan, na kashe masa ita. Sau biyu ka sake tambayata, sau biyu na ce tana nan lafiya kusa da daffaya. Hajiya ta san gaskiya, ta sunkuyar da kai ba ta tona ni ba.

Saura kwana huɗu ka rasu, Sauda ta kira ni da Hausarta mai gauraye da Larabci, ta ce, “Ammu, ka zo ka ga shajarar Baba, duk ta yi fari.” Na je a guje. Kowane reshe ya cika da fure, fari fat, har ƙudan zuma sun samo hanya. Na daɗe a tsaye ban san abin da nake kallo ba. Na ɗauki hoto na wuce Aziziya wajen tsohon nan ɗan Afganistan da kake sayen bukhara a hannunsa. Da ya ji labarin bargo da daffaya sai ya riƙe baki. Ya ce wannan itacen dole ya sha sanyi ya yi barcinsa, in an hana shi sanyi ba zai yi fure ba ko shekara ashirin ne. Ashe duk ɗawainiyar nan da muke yi, mu muke hana ta.

Daga nan asibiti na nufa, in faɗa maka na yi maka ƙarya, in nuna maka abin da ƙaryar ta haifar. Na tarar an mayar da kai ɗakin da na'ura ke taya ka numfashi. Ɗan reshe mai fure da na karyo a gidan, suka ce ba a shiga da shi. Na riƙe waya a gaban fuskarka, idonka a rufe. Na yi ta kiran sunanka, na faɗa maka komai a kunne. Likita ya ce mai yiwuwa kana ji. Ban sani ba, Yaya, kuma ba wanda zan tambaya.

Jiya na je gaishe da Hajiya. Furen ya zube, 'ya'ya sun fito kore, ƙanana kamar gujiya. Sauda ta ƙirga goma sha ɗaya. Tsohon ya ce sai wajen watan Yuni za su nuna. Su Hajiya kuwa iƙamarsu a ƙarƙashin taka take, an fara musu takardun fita, ƙarshen Afrilu za su tafi, a gida za ta ƙarasa takaba. Jirgi ba ya ɗaukar durom. Ni ɗakin haya nake a hawa na uku, ko baranda babu. Na yi tunanin kabarinka, amma nan ba a shuka a maƙabarta, ko alama ba a sawa. Na tambayi mutum biyar masu tsakar gida, kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Har yanzu ban san inda zan kai ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zaituna, da Sauda, da 'yan'uwa na Kunci, da duk wanda ya taɓa cin tuwon gidan nan. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya zama gatan waɗanda ka bari. Allah ya jiƙanka, Yaya Bashari, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya saka maka da lambun da ba a tafiya a bar shi, ya ciyar da kai 'ya'yan itacen Aljanna. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Ban shigar da ita ba, Yaya. Ka yafe mini. Ta yi 'ya'ya.

Ƙaninka, Najib
Riyadh, 22 ga Maris 2017