Yatsan da Mama Tafireta Ta Ɗaure

Shekara ashirin da biyu Mama Tafireta ta yi tana buga takardun ofishin nan kafin a kawo kwamfuta, a ɗauke ni aiki tare da ita. Lokacin na fito daga kwas na wata shida, ina hura hanci kamar ni na ƙera na'urar. Oga bai ɓoye mana ba: kujerar ɗaya ce, bayan wata biyu zai gwada mu, wadda ta faɗi ta kama gabanta.

Har yau ina kewar kwamfutar nan. Allonta mai ƙatuwar ƙeya, baƙi wuluk, haruffan kore shar. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani, ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta gama farkawa ba. Sai an cire takalmi ake shiga ɗakinta, in an tashi aiki kuma a lulluɓe ta da mayafi.

Wajen sauri ban kama ƙafar Mama ba, ko kallon madannai ba ta yi. Matsalarta ɗaya ce. A tafireta, in layi ya ƙare, kai ne za ka mayar da shi farko. Don haka duk ƙarshen layi sai ƙaramin yatsanta ya faɗa wa babban madannin da ke buɗe sabon layi. A ido aikin tsaf yake. Amma da zarar an ƙara kalma ɗaya a tsakiya, sai shafin ya wargaje, wani layin dogo, wani guntu. Na ga haka na ja bakina na yi shiru, har da murna a raina.

Wata ranar Laraba ta ja kujera kusa da ni, ta ce in gaya mata inda take kuskure. Na so in ce ban sani ba. Amma sa'ar mahaifiyata ce, kunya ta hana ni. Na ce ta bar layin kawai, da kansa zai sauko. Ta ce ita ta gane, saura yatsan.

Washegari ta zo da filasta, ta ɗaure ƙaramin yatsan da na kusa da shi. Ta daina fita cin abincin rana, sai ta zauna ta yi ta bugu a kwamfutar. Ranar Asabar ma sai ta lallaɓa maigadi ya buɗe mata. Masinja ya riƙa tsokanarta, wai ko kwamfutar ce ta cije ta. Yatsan ya kumbura, ba ta kwance ba sai ranar gwaji.

Oga ya ba mu wasiƙa mai shafi uku, muka buga bi da bi, sannan ya sa kowacce ta ƙara jimla a tsakiya. Nata bai wargaje ba. Ta fi ni sauri da minti huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Ni kuwa nawa uku ne.

Ina tattara kayana, hawaye na neman kunyata ni, ta zo ta tsaya a kaina. Na zaci haƙuri za ta ba ni.

"'Yar nan, na gode da kika gaya mini gaskiya," in ji ta. "Amma ke yanzu kika fara, ƙofofi da yawa za su buɗe miki. Ni wannan kaɗai gare ni, kuma ban zo don in bar miki ita ba."