Mai Shiga ta Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da huɗu Ermanno Busetto ya yi yana tuƙa kwale-kwalen gidan wanki a Venis, birnin Italiya da ruwa ne titunansa. Da sassafe yake loda buhunan wankakkun zannuwan tebur, ya bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa masu tsabta ta ƙofar kicin da ke buɗewa kan ruwa, ya karɓo masu dauɗa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana ta ƙone masa wuya, kuma bakinsa ba ya hutawa. In ka ji ana yi wa wani matuƙi tas a ƙarƙashin gada tun ƙarfe bakwai, ba sai ka leƙa ba, shi ne.

Aikin nan ya ba shi ilimin da ba a karantawa a ko'ina. Ya san gidan da ake kai wa kifin kasuwar Rialto yana walƙiya, ya san gidan da ake sauke wa kwalayen kifin ƙanƙara a ɓoye. Ya san kicin ɗin da ake wanke daɓensa, da wanda ko kyanwarsa ba zai bari ta ci a ciki ba. Shi ya sa duk wanda ya yi baƙi a unguwarsu shi yake nema. Shi kuwa dama abin da yake so ke nan, sai ya gyara tsayuwa.

"In ka ga ƙato a bakin ƙofa yana kiran ka ka shigo, wuce. In ka ga allo da hotunan abinci, ƙara sauri. Mai girkin kirki ba ya da lokacin ɗaukar hoto."

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, shi kansa bai taɓa zama a teburin ɗaya daga cikin gidajen nan ba. A tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a kwale-kwale, ɗaya a dokin ƙofa, abin da mai girki ya miƙo masa a faranti. Tun rasuwar matarsa ma abincinsa na rana ke nan.

'Yarsa guda, Ilaria, tana koyarwa a Torino, can kuma ta sami wanda za ta aura, ɗan wani likita. Da iyayen yaron suka sa ranar zuwa ganin Ermanno, ta kira shi a waya.

"Baba, abu ɗaya nake roƙon ka. Ka sa kwat ɗinka, ka bar kwale-kwalen a gida, mu shiga ta ƙofar gaba kamar kowa."

"Kunyata kike ji?"

"Ba haka ba ne. Uwarsa ce ta taɓa tambayata, wai wanki babana yake yi. Yadda ta faɗa ne bai yi mini ba. Da mutanen nan zan zauna, Baba. Ba na so su fara da raina ni."

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye. Ya yi mata alkawari za su ci abincin da ba su taɓa cin irinsa ba, kuma ba wanda zai ji warin inji a jikinsa.

Bai yi dogon tunanin wuri ba. A duk garin, wurin Nerina ne bai taɓa ganin abin ƙi ba: tsohuwa ce mai faɗa, tebur takwas gare ta, ita ke zuwa kasuwa da kanta. Ranar Laraba da ya kai mata zannuwa, ya ɗaga murya ta ƙofar ruwa ya ce a ajiye masa tebur na mutum biyar ranar Asabar.

"Kai za ka zauna?" in ji Nerina. "To, ƙarfe ɗaya. Biyu da rabi nake kashe wuta, ko wa ka kawo."

Ranar Asabar ya tarye su a tashar jirgin ƙasa cikin kwat da takalmin da rabonsa da shi tun jana'izar matarsa. Sinyor Fulvio, likitan, dogo ne mai magana a hankali. Matarsa Sinyora Graziella kuwa ta sha ado, takalminta mai tsini, ta ba Ermanno 'yan yatsu uku ya gaisa da su. Ilaria na riƙe da hannun saurayinta tana kallon ubanta da ido mai cewa don Allah. Ya shige gaba da ƙwarin gwiwa, yana nuna musu gidajen da ba za su shiga ba da dalilin kowanne.

Sai da suka bar babbar hanya suka faɗa lungu ya tsaya cak. A kansa hanyar a shimfiɗe take: ka shiga ta gefen kasuwa, ka sunkuya a gada biyu, ka juya hagu inda aka ɗaure shuɗin kwale-kwale, ƙofa ta uku, koriya. Amma duk wannan a kan ruwa ne. A wannan yankin gidajen cikin ruwa suke tsaye kai tsaye, ba gefen da mai ƙafa zai bi. Shekara talatin da huɗu yana zuwa wurin Nerina, bai taɓa ganin gaban gidan ba.

Ya zaɓi lungun da ya ga ya nufi wajen, suka bi, lungun ya ƙare a bakin ruwa. Suka dawo. Na biyu ya kai su tsakar gidan wasu mutane da shanya. Na uku ya zagaya da su ya maido su gaban rijiyar dutsen da suka wuce ɗazu.

"Wannan rijiyar ta yi kama da waccan," in ji Sinyor Fulvio cikin ladabi.

"Duk kamarsu ɗaya," in ji Ermanno, gumi na bin bayansa.

Ilaria ta matso ta rage murya. "Baba, faɗa mini sunan wurin in duba a waya."

"Wurin Nerina."

"Sunan da ke rubuce a ƙofa."

Bai taɓa ganin ƙofar ba, balle sunan.

"Lambar wayarta fa?"

"Me zan yi da lambarta? Kullum ina ganin ta."

Ilaria ta rufe ido. Wannan rufe idon ya fi masa zagi ciwo. Ya tare mutum uku, duk 'yan yawon buɗe ido ne, ɗaya ma shi ya tambayi Ermanno hanya. Ya leƙa shagon mai sayar da gilashi, mutumin ya ce wace Nerina, shi a Mestre, can tsallaken ruwa, yake kwana. Agogon coci ya buga biyu saura kwata. Sinyora Graziella tana ɗingishi, kowace gada sai ta kama ƙarfe ta hau.

Ana haka suka ɓullo wani fili, ga gidan abinci da tebura a waje, ga allon hotuna, ga ƙato da farar riga ya buɗe hannuwa yana musu maraba. Sinyor Fulvio ya ja wa matarsa kujera.

"Sinyor Busetto, ina ganin nan ma ya isa. Ƙafarta ta gaji."

Da Ermanno ya yi shiru, da an zauna, an ci, an tashi, kuma ta ƙofar gaba aka shiga kamar yadda Ilaria ta roƙa. Sai dai ya gane labulen tagar sama. Ya san bayan gidan nan sarai. Ya san bokitin da suke narka kifi a ciki.

"Sinyora, ki gafarce ni," ya ce. "Na ɓata da ku. Ni hanyar ruwa na sani, ban san ta ƙasa ba. Amma ko za ku tsane ni har abada, ba zan bari ku ci a nan ba."

Bai jira amsa ba, ya nufi matakalar da ke sauka cikin ruwa a ƙarshen filin, ya tsaya yana addu'a a zuci. Ba a yi minti biyar ba sai ga Gigio Zennaro, mai kawo kayan lambu daga tsibiri, yana komawa gida a kwale-kwalensa da ragowar kabeji. Ermanno ya sa yatsu a baki ya yi fito.

Gigio ya rage gudu, ya dube shi daga sama har ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Ni ne zan mutu in ba ka kai mu wurin Nerina ba."

"Ga shi nan bayanka, ai da ƙafa ma..."

"Rufe mini baki ka matso."

Ermanno ya tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa kan akwatin kabeji, ya miƙa wa Sinyora Graziella hannu. Bai iya kallon 'yarsa ba. Matar ta dubi ruwan, ta dubi hannun, sannan ta sunkuya ta cire takalman nan, ta shiga da safa. Da ta zauna ta saki wani dogon numfashi.

"Dama akwai wannan, kuka sa ni hawan gada goma sha ɗaya?"

Minti uku tafiyar ta ɗauka. Gada ɗaya, hagu, koriyar ƙofa. Nerina na tsaye da ludayi a hannu, biyu da minti goma.

"Na ce ba zai iya ba," ta ce wa mai wanke-wanke. "Ku shigo, ku kula da tukunya."

Haka surukan Ilaria suka shiga a jere ta tsakanin murhu da kwandon albasa. Sinyora Graziella ta tsaya a tsakiyar kicin ɗin, takalmi a hannu. Ta dubi daɓen, ta dubi kifin da ke kan tire idonsa garau, ta ɗaga murfin wata tukunya ba tare da neman izini ba ta shinshina. Nerina, wadda ba a taɓa mata tukunya, ta ƙyale ta.

"Shekara arba'in ina cin abinci a waje," in ji Sinyora Graziella, "yau na fara ganin inda aka dafa kafin in sa a baki."

Aka kawo ƙananan kifi da albasa mai tsami, aka kawo baƙar shinkafa da aka dafa da tawadar kifi, aka kawo soyayyar ƙaguwa mai laushin ɓawo a kan tuwon masara. Sinyor Fulvio ya ci har haƙoransa suka yi baƙi bai sani ba. Matarsa ta riƙa tambayar Ermanno sirrin gidajen da suka wuce, yana zayyana mata, tana dariya tana dafa hannun Ilaria. Shi dai bai ci sosai ba. Yana ta shafa zanen teburin da tafin hannu, don ya gane shi, cikin na ranar Laraba ne. A ƙarƙashin tebur Ilaria ta kama ɗaya hannun ta matse, sai a lokacin ya ji ƙirjinsa ya sake.

Da suka gama, Nerina ta nuna masa ƙofar gaba da ludayi. "Fita ta nan ka ga inda kake, kada ka sake ba ni kunya."

Ya fita. Ƙaramar ƙofa ce ba allo, sai sunan surukin Nerina da ya kusa gogewa a bango. Taku ashirin daga nan ga rijiyar dutsen da suka wuce sau biyu.

Yana tsaye yana kallon ta, Sinyora Graziella ta fito bayansa, har yanzu takalmin na hannunta.

"Ermanno," ta ce, karo na farko da ta kira sunansa, "ranar biki da naka kwale-kwalen za ka zo ka ɗauke mu."