Turaren Wuta a Jirgin Surukina

A shekarun da kowa a Duwala ke ce wa la crise, wato matsin tattalin arziki, ofishinmu ya sallami rabinmu a rana ɗaya. Na dawo gida unguwar New Bell da takardar sallama da tayen wuya guda uku, ga matata da ciki wata shida. Abin da na iya a duniya shi ne buga tafireta da tsara wasiƙa cikin Faransanci mai kyau, kuma babu wanda ke neman wannan a kasuwa.

Surukina, wanda unguwa ke kira Alhaji, mai sayar da turare ne tun kafin a haife ni. Da ciniki ya tsaya sai ya yi wani lissafi nasa: mutane sun daina sayen turare, amma ba su daina cin kifi ba. Ya je ya sayi tsohon kwalekwale mai inji don ɗauko bandar kifi daga sansanonin masunta a bakin teku. Mutumin da ko gadar Bonabéri aka hau da shi a mota sai ya rufe ido yana salati, shi ne ya wayi gari da jirgin ruwa. Ya ɗauki wani dattijo ɗan Duwala ya riƙa tuƙi, muna ce masa Kaftin. Ni kuma aka ba ni jarkar fetur da mabuɗin kwaɗo, aka ce ni ne wakili.

Shekara huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Idan zai ba ni umarni sai ya juya ga Kaftin ya faɗa masa da Turancin Fijin, ina tsaye a gefe ina kallon takalmina, ni kuma in ba Kaftin amsa. Kaftin ba ya jin Hausa ko ta sannu, kuma ya ɗauka mu duka biyun muna da taɓin hankali.

Abu ɗaya ne Alhaji bai iya haƙuri da shi ba, ƙarnin kifi. Kullum da safe sai ya zo bakin ruwa da kwalbar turaren da ya ƙi sayuwa, ya yayyafa wa jirgin daga kai har gindi, ya yayyafa mini, ya yayyafa wa Kaftin. Masunta tun daga nesa suke sanin mun taho.

Sai fetur ya fara ɓata. Mu cika tanki da man da ya kamata ya kai mu ya dawo da mu, sai inji ya yi tari ya mutu a tsakiyar kogin Wouri. Sau uku muna ƙarasowa gaɓa da hannu, Kaftin da filafili, ni da murfin tukunya, cikin takalmin ofis. A karo na ukun Alhaji ya dubi Kaftin ya ce inji ba ya shan abin da ya fi cikinsa, sai dai idan akwai wani bakin da ke taya shi.

Na gane bakin wa ake nufi. Lokacin duk kan titi kwalaben zuwa-zuwa ne, fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a bakin hanya, kuma ni ne marar aiki mai riƙe da jarka. Kafin mako ya zagayo, abokaina a ƙofar masallaci sun fara tambayata nawa nake ba da kwalba. Na yi dariya tare da su, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Talauci na iya ɗauka. Sunan ɓarawo a gidan surukai, ga ɗa yana hanya, wannan ya fi ƙarfina.

Matata ce ta shiga maganar, don a bakin mahaifiyarta ta ji. Cikin nan ya buɗe mata hanci, har miyar maƙwabta tana iya faɗin abin da aka manta a ciki. Ina shigowa da yamma ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Malam, hura min iska."

Na hura. Ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Turaren Baba ne da goro. Mai zuƙo man esans da tiyo, a baki yake wari. Cire wandon."

Ta bi shi da hanci tun daga ƙugu. Da ta kai ƙasan ƙafar hagu sai ta jefar da shi ta ruga bayan gida. Da ta dawo tana goge baki ta ce, "Kwana nawa ina amai a kan wandon nan, na ɗauka warin jarka ne. Ƙafa ɗaya ce kawai. Kai a cikin fetur kake tsayawa."

Washegari na riga kowa zuwa, da gwangwanin hodarta a aljihu. Ruwa ya janye, jirgin na zaune a kan taɓo. Na ɗaga katakon da ke gefen hagu kusa da inji, inda nake tsayawa kullum, na durƙusa na kai hancina ƙasa da inda turare yake kaiwa. Ruwan da ya taru a wurin yana ta ƙyalli kala-kala, warin kuma ya bugi kaina har na ga jiri.

Ina ɗagowa na hango Alhaji yana saukowa cikin farar babbar riga, riƙe da kasko, hayaƙi na tashi. Daga baya na ji wani ne ya ce masa aljanar ruwa ke shanye man, a yi wa jirgin turaren wuta. Daga baya kuma na gane ya gwammace ya ɗora wa aljana da ya kori mijin 'yarsa. A lokacin dai abin da na gani garwashi ne ja jawur yana nufo jirgin da cikinsa ya jiƙe da fetur.

Na waiga neman Kaftin in ce ya faɗa masa. Kaftin yana can nesa bayan wata bishiya yana uzurinsa. Na ce "Baba" a hankali, kaina a ƙasa. Bai ji ba, don bai taɓa tsammanin magana daga wajena ba. Na sake cewa "Baba", har da gyaran murya. Ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgin yana bismillah.

Sai na sa hannu biyu a ƙirjin surukina na tura shi.

Ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin taɓo har ƙugu. Kaskon ya faɗa kududdufi ya yi cuuu, hularsa ta bi ta wani wajen. Muka kalli juna ido cikin ido, karo na farko a rayuwa, kuma wallahi na so ƙasa ta tsage. Masunta suka taru. Kaftin ya iso yana ɗaure wando, ya leƙa ƙarƙashin katakon, ya shaƙa sau ɗaya, ya ɗora hannu a ka.

Mu biyu muka ciro Alhaji muka zaunar da shi a kan kifaffen baho. Muka kwashe ruwan, muka goge wurin da tsumma har ya bushe, na barbaɗa hoda a kan tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa inji. Kaftin ya matsa 'yar robar da ake tura mai da ita, sau ɗaya, sau biyu. A na uku hodar ta yi duhu a wuri guda, daidai inda gefen katakon ke gugar tiyon. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Tiyon ya tsufa ya bushe kamar ganda, inji na kaɗawa yana ta zubar da man Alhaji a kan ƙafata. Kaftin ya je ya samo sabon tiyo, muka bi da shi ta saman katakon, muka ɗaure bakinsa da zoben ƙarfe mai noti. Muka sake barbaɗa hoda, ta zauna fara.

Alhaji ya miƙa hannu aka ba shi tsohon tiyon. Ya lanƙwasa shi, tsagar ta buɗe, ya kai hanci ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya juya ga Kaftin, taɓo na ɗiga daga hannun rigarsa, ya yi masa magana da Hausa.

"Ka faɗa masa na ci mutuncinsa da bakina, a cikin gidana, har ya kai kunnen matarsa. Ka ce ya yafe min tun kafin yarinyar nan ta sauka."

Kaftin ya dube shi, ya dube ni. "Qu'est-ce qu'il dit?" Wai me ya ce.

Hawaye na neman kunyata ni a gaban masunta. Na ce da Faransanci, "Ya ce ka ƙara matse zoben."

Alhaji yana jin Faransanci daidai gwargwado. Bai gyara min ba. Kaftin ya ɗauki sukuddireba ya ƙara matsewa.